Ba Ni Na Goge Ba

A shagunan gyaran waya da tura fina-finai na Birnin Gwari, ba a taɓa samun wanda ya goge hoto da hannunsa ba. Ko dai yaro ne ya ɗauki wayar, ko bairos ne ya shiga, ko kuma wayar ce da bakinta ta nemi a yi fomatin, shi kuwa mai ita ba ya son musu. Mai gyara ya saba. Yakan karɓi memorin, ya hure shi, ya yi tambaya guda: "Bayan abin ya faru, me aka ƙara zubawa?"

Tambayar tana da dalili. Memori tamkar kasuwar hatsi yake, ga rumfuna, ga littafin sarkin kasuwa. Gogewa soke suna ce daga littafi, buhunan suna nan har ranar da aka ba wani rumfar. Manhaja irin PhotoRec ba ruwanta da littafin, rumfa-rumfa take bi tana neman alamar FF D8 da kowane hoton JPEG ke farawa da ita. Matsalar tana ga katin da aka daɗe ana zubawa ana kwashewa. A irinsa hoto guda yakan rarrabu a rumfunan da ba sa maƙwabtaka, kuma a tsarin FAT32 bayanin da ya haɗa su yana tafiya tare da gogewar. Sai a samo kai, a rasa ƙafa.

Wanda ya fi yawa a layi shi ne Malam Bari-in-gwada. Hotunan sunan ɗansa sun ɓace ranar Litinin, bai zo ba sai bayan Juma'a ta biyu. A tsakani ya ɗauki sababbin hotuna don ya tabbatar katin na aiki, ya sa an zuba masa fina-finan Indiya masu fassara, abokinsa ya turo masa wa'azi ta Xender, ƙaninsa kuma ya sauke manhajar dawo da hotuna ya ajiye ta a kan katin da ake son ceta. In aka tambaye shi sai ya dafa ƙirji: "Wallahi ko taɓa shi ban yi ba." Mai gyara ya duba, ya tarar da jarumi yana dukan mutum goma a daidai inda ragon suna yake a da. A nan Malam zai fusata, ya ce a wancan shagon na bakin tasha an fi iya aiki. Yaron wancan shagon ne ya zuba fina-finan.

Uwar amarya ba ta da wannan laifin, ita ciniki ne aikinta. An dawo mata da hoton kamu: daga ɗaurin ɗankwali zuwa haɓa amarya ce garau, daga nan ƙasa toka-toka. Wani kuma saman ango ne, ƙasan buhunan masarar wani babi daban na rayuwar katin. Takan kalli allon kwamfuta da kyau, ta gyara mayafi, ta ce, "Ɗan nan, rabin hoto ai rabin kuɗi." Mai gyara ya yi bayanin rumfuna har muryarsa ta dushe. Ta saurara tsaf, sannan ta tambaya ko in ta ƙara ɗari biyu zai fito da leshin. A ganina tana da hujja fiye da yadda masu gyara ke yarda, domin leshin aka kashe wa kuɗi, fuskar kuwa kullum ana ganinta.

Akwai mai arha, wanda ya sayi katin da aka rubuta wa gig 64 a kuɗin kwanon shinkafa. Cikin katin bai kai abin da aka rubuta ba, saboda haka da ya cika, abin da ake zubawa ko dai ya hau kan na farko ko ya tafi iska, sunayen kuwa suna nan reras. Shi ba abin da za a dawo masa da shi, don ko an danne shi, ko ba a ajiye ba tun asali. Har gobe mai gyaran yake zargi.

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara a Nuwamban 2024 bayan shekaru tana rufe, an samu sabon baƙo, dillalin shanu. Shi ba ruwansa da biki. Hoton wani bijimi yake nema, mai tabo a kunnen hagu, domin rigima ta tashi kan wanda aka sallama. In hoton ya fito ba kai, zai rantse ya gane doron.

Ɗan boko kuwa dariya yake wa kowa, ai nasa suna Google. A garin da aka katse layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, wannan alfahari yana bukatar bincike. Sai a tarar ya kashe turawar tun tuni don tsimin data, lambar sirrin kuma wani abokinsa da ya koma Funtuwa ne ya sa masa. Hotunansa a cikin wayar suke, ba a kati ba, kuma wayoyin Android na yanzu a kulle suke ajiye komai. In aka yi musu filashin, magana ta ƙare.

Wata takan zo ba hayaniya, katin a ƙulle a bakin zane. Hoto ɗaya take so, na ɗa ko miji da ya bi hanyar Kaduna ko ya tafi gona wajen dajin Kamuku a shekarun da hanyar ba ta biyuwa. Duk surutun shagon sai ya tsaya. A kanta ne za ka ga gwanintar mai gyara ta gaskiya: ya kwafi katin ɗungurungum kafin ya taɓa komai, ya yi aiki a kan kwafin, in babban hoton ya lalace ya tono ɗan ƙaramin da kyamara ke ɓoyewa a cikin kan fayil ɗin. Ƙarami ne, dishi-dishi, amma ana gane mutum. Galibi ba a maganar kuɗi.

Su ma masu gyaran kala-kala ne. Akwai wanda duk abin da ya fi ƙarfinsa sai ya ce, "Wannan sai Kano, sai Farm Centre," ya ajiye katin a gwangwanin madara tare da wasu ashirin marasa suna.

Sai Alhaji, wanda ya yi kuskuren zuwa da Hajiya. Hotunan Umara suke nema. Abin da ba a gaya masa ba shi ne manhajar ba ta zaɓe, duk abin da ta tarar kwasowa take yi, har da wanda aka goge da niyya, da tsakar dare. Hotuna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ga Harami, ga otal, ga dabino, sai ga wata mai jan gyale, sai ga ta kuma, sai ga ta a gaban mota.

"Yaro, ya isa haka, kashe."

"A'a ɗana, bar shi ya gama," in ji Hajiya, tana jawo benci. "Ni zan biya."

Alhaji ya leƙa allon, ya gyara hula, ya ce lallai wannan bairos ne.