Jirgin Kanta da namu

Masu tarihin baka sun ce Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na ƙarni na 16, yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla. Idan ruwa ya cika fadama sai ya taso daga Surame ya zaga garuruwan bakin gulbi, matuƙa hamsin na ja masa filafili. Sarauta ke nan!

Ni kuwa da daminar bana na bar Maiyama na shiga kwale-kwale a Gulbin Zamfara, wai zan ɗanɗana irin ta Kanta kafin in isa kasuwar Jega. Matuƙi ɗaya ne, dattijo, da gorarsa. Fadawana: buhunan albasar Aliero, babur kwance, da wani bunsuru da ya ƙura wa hulata ido tun daga mashaya.

Muna tsakiyar ruwa dattijon ya miƙo mini ƙwarya. Na ce, "Baba, na gode, ba na jin ƙishirwa."

Ya ce, "Ɗana, ba ta sha ba ce. Kwashe wanda ke shigowa, in kana son ganin Jega."

Haka na yi ta kwarfa har gaɓa, kuma kuɗin jirgi bai rage mini ko naira ba.