Falon Bazazzagi ya sha ruwan madara

Bawana Bazazzagi, ina gajiyar walima?

Labari ya iso Kano cewa ka gama gininka. Wai da mai fenti ya tambaye ka launi, sai ka gyara zaman tabarau, ka ce irin na 'yan boko kake so, wannan da ke tsakanin ruwan madara da ruwan ƙasa, bai kai fari ba, bai kai ja ba. Madalla. Launin ba shi da laifi, yana da sanyin ido, yana kuma buɗe ɗaki. Laifin naka ne da ka shafa shi a bango, ka shafa a silin, ka sayo labule irinsa, kujeru irinsa, kafet irinsa, sannan ranar walima ka fito cikin shadda irinsa. Waɗanda suka je sun ce sun yi ta rafka sallama suna cigiyar mai gida, alhali kana zaune a gabansu. Sai da ka yi hamma aka gane inda kake.

Na san abin da ka hango. Ƙurar hunturu launinta ke nan, don haka ko ta kwanta wata guda ba mai ganewa, ka huta da sayen tsumman goge-goge. Wannan lissafi namu ne na Kanawa, sato shi ka yi, kuma rabi ka sato. Shi ya sa falon ya fito kamar faten da aka manta ba a sa masa ganye ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, a garinku aka fi sanin sirrin wannan launi. Ka shiga cikin birnin Zariya ka tsaya wurin masu ɗinkin hannu, ka ce su nuna maka zaren tsamiya, wanda ake samu daga saƙar wasu tsutsotsi, a dafa da toka, a kaɗa. Ba a rina shi, haka Allah Ya yi shi, kuma launinsa shi ne wanda ka biya mai fenti ya kwaikwayo. To ka taɓa ganin inda ya fi fitowa? A kan rigar saƙi mai duhun shuni. Nan aska takwas ke tashi, har na ƙarshen sahu ya ƙirga su. Idan kuwa rigar ce gaba ɗaya ta tsamiya, dattijo ba ya barin ta ita kaɗai, sai ya ɗora mata rawani ɗan Kura mai ƙyalli. Ka lura, Kura a ƙasar Kano take. Ko a kanku mu ne a sama.

Ko ka leƙa tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau mulki a 1834. Ƙasa ce zalla, amma bakan gizo da zanen da ya tayar a jikin ginshiƙai sun sa haske da inuwa suna yi masa aikin launi na biyu. Kai kuwa bangonka sumul, kujerunka sumul, ko inuwa ta rasa wurin maƙalewa.

Masu ƙawata ɗaki suna da wani ƙiyasi: babban launi ya ci kashi 60, na biyu 30, mai jan ido 10. Ba wahayi ba ne, amma ya fi naka na ɗari bisa ɗari. Bar bangon yadda yake. Silin ya koma fari mai ɗan ɗumi. Kujeru ko labule, ɗaya daga ciki, ya zama ruwan makuba, irin jan duhun da kakanninka suke samu daga ɓawon ɗorawa suna shafe bango da daɓe. 'Yan gida ɗaya ne da launinka, ba sa faɗa. Kashi goman nan kuma ka ba shuni ko ruwan hanta: matasan kujera biyu, tumtum na fata, faifai a bango. Kore mai duhu ma yana shiga. Abin da ba ya shiga shi ne tayil ɗin nan ruwan siminti da na ji ka yi oda. Shi sanyi gare shi, naka ɗumi, in suka haɗu bangon sai ya zama kamar ya yi dauɗa.

Haka ƙwan lantarki. Farin nan mai ɗaukar ido yana kashe ruwan madara, ya mai da shi ruwan toka. Sa mai ɗan rawaya-rawaya. Na san za ka ce wutar ma ina take, to a nan kam ba ni da bakin yi maka dariya.

An ce uwargida ta faɗa maka duk wannan tun kafin a buɗe bokitin farko, ka ce “matana bai san zamani ba”. Ka ba ta haƙuri, ka kuma ba ta kuɗin. Ta shigo mota ta sauka Kano, a kai ta marinar Ƙofar Mata ta zaɓi shuni na gaske, ta biya Kantin Kwari ta yanki labule, ta ƙarasa Kurmi ta ɗauki tumtum. Farashin baƙo za mu yi mata, ba ragi, ba bashi. Kuɗin wannan shawara kuma ka haɗo da na shara, tunda na bara ma ba ka biya ba.

Ubangidanka,
Bakano