Wasiƙa daga Jaipur zuwa ga taubashina

Bawana, ya jikin Gwaggo, ya sauran mutanen gida?

Saƙonka ya iso, wai in sayo maka zanen sarki da masoyiyarsa irin na mutanen Indiya, ka kai wa yarinyar nan da ta hana ka barci. To, na shiga kasuwa. Amma ka rage buri, ba irin fastar fim ɗin da ka lulluɓe bangon ɗakinka da ita ba ce. Abin bai wuce shafin littafi ba. Da gashin jelar kurege suke yin burushin, launi kuwa dutse ake niƙawa, a ɗan taɓa da ruwan zinariya. Sai da mai shagon ya miƙo mini gilashin ƙara girma sannan na ga gashin idon gimbiya ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara fito mini da Baz Bahadur, sarkin Malwa, da mawaƙiyarsa Rupmati. Ga su bisa dawakai cikin dare, ya juyo yana kallonta, ita ma tana kallonsa, babu mai duban hanya. Dawakan ne kaɗai ke cikin hayyacinsu. Har na sa hannu a aljihu, sai Allah ya sa na tambayi ƙarshen labarin. Ashe a 1561 Sarki Akbar ya turo runduna ƙarƙashin Adham Khan, gogan naka Baz Bahadur ya sha kashi, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Rupmati da aka bari a baya ta sha guba don kada ta faɗa hannun maƙiya. Shi kuwa daga bisani ya je ya yi wa Akbar mubaya'a, har da samun muƙami! Kai da unguwa duka ta san irin gudun da ka yi ranar da karen gidan su yarinyar ya yi haushi, ban ga amfanin tuna mata ba.

Sai Dhola da Maru a kan raƙumi. An ɗaura musu aure suna yara, ya girma ya manta da ita, ya auri wata. Na ce a mayar da shi.

Wadda na ɗauko maka ita ce Bani Thani ta Kishangarh, mai idanu har kusa da kunne, kwafin zanen Nihal Chand na ƙarni na 18. Gwamnatin Indiya ma ta sa ta a kan sarki a 1973. Masoyinta Sawant Singh ya bar gadon sarauta, suka koma Vrindavan tare. Kai ba ka da sarautar da za ka bari, amma ai kana da babur.

Kuɗin zanen bashi ne a kanka. Ka biya ni da kilishi da yaji, don garin nan wake da ganye sun kusa mayar da ni akuya. Ka gaishe da Gwaggo, kada ka nuna mata hoton.

Naka,
Ubangidanka na Jaipur