Malam, Ya Kake Gani?

Duk magidancin da matarsa ta ajiye masa kwanon tuwo, ta gyara zama a gefen tabarma, ta ce "Malam, shawara nake nema," to ya sani an gama magana tun la'asar. Mutanen Auyo sun saba da irin wannan sanarwa. Idan rediyo ta ce za a saki ruwa daga dam ɗin Tiga ko na Challawa, ba mai tsayawa faɗin ra'ayinsa, tattara kaya ake yi a nemi tudu, kamar yadda aka yi a ambaliyar 2020. Sai dai ruwan Tiga ba ya tambayar kowa ya yake gani. Matanmu kuwa suna tambaya, kuma kowace da abin da take nema.

Wadda ta fi yawa ita ce mai neman a sa albarka. Za a aurar da ƙanwarta a Haɗeja, an fitar da anko, ta ba da saƙo an yanko mata atamfar daga Kantin Kwari, tela ya auna ya yanka har ya karɓi rabin kuɗinsa. Sai a sannan za ta zo ta ce, "Maigida, wai ni ko in shiga ankon nan kuwa? Ni fa sai abin da ka ce." In ka ce a bari, za ta ce to, cikin ladabi, ko musu babu. Ranar kamu ka gan ta fes cikin ankon, ka yi magana, a ce ai tela ne ya yi gaggawa. Teloli na shan laifin da ba nasu ba a ƙasar nan, kodayake in aka tuna abin da suke yi mana daren Sallah, ba a zalunce su ƙwarai ba.

Wadda ni nake sara wa ita ce mai gumin shinkafa. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda Shugaba Buhari ya zo Auyo ya buɗe a Janairun 2023, ba maza kaɗai ya amfana ba. Mata da yawa daga cikin ɗakunansu suke juya shanshera, su saya, su turara, su shanya, su kai inji. To wannan baiwar Allah ta kwashi adashi ta tara buhunanta a zaure. Ta san farashin Haɗeja na jiya, ta san yadda kasuwar Gujungu ta tashi ranar Lahadi, domin wayarta ba ta hutawa. Ta san wace gona jan-baki ya cinye da wadda kacala ta toshe wa ruwa. Ta riga ta ƙudurta sai damina ta yi nisa za ta sayar. Duk da haka za ta zo wurin mijin da rabonsa da sanin kuɗin mudu tun yana gwauro, ta ce, "Malam, in sayar yanzu ko in ajiye?"

In ya ce ki ajiye, shi ke nan. In ya ce ki sayar, sai ta yi shiru, ta ce, "Haka ne kam. Amma ba ka ganin har yanzu manyan masu saye ba su shigo ba?" Haka za ta yi ta jan sa a hankali har ya furta da bakinsa cewa a ajiye. Furucin nan shi ake nema. Farashi ya hau, dabararta ce, kuma a shari'a dukiyar mace tata ce, ko sisi ba ya ciki. Farashi ya faɗi, ko ɓera ya shiga, ko ruwa ya taɓa buhu biyu, sai a ji ta tana faɗa wa ƙawarta ta katanga, da muryar da za ta kai zaure: "Ni da na so sayarwa, Malam ne ya ce a dakata." Abokin tarayya ta ɗauka, mai rabon asara ban da riba, kuma shi da kansa ya amsa.

Akwai kuma mai baza maka atamfa biyu ta ce ka zaɓa. Ka nuna shuɗiya, ta ce "Yawwa, na gode," ta ɗauki ja. Kada ranka ya ɓaci, amfaninka ke nan. Shekaru sun nuna mata cewa duk zanen da ya burge ka yayinsa ya wuce, don haka da ka nuna ɗaya hankalinta ya kwanta da ɗayan.

Sai mai tambaya da lissafi a bayanta. Alamarta ɗaya ce, ta san kuɗin abin har canji. "Alhaji, ya kake gani game da gadon yarinyar nan? Kafinta ya ce in aka ba shi kafin alƙalami a makon nan zai rage dubu biyar." Wanda ya gyara murya zai yi bayani kan katako mai ƙarko, ya ɓata yawunsa. Aljihunsa aka tambaya.

Ta biyar ba ruwanta da amsarka, sunanka take so ta ara. Maƙwabciya ta aiko a ba ta aron babbar tukunyar gumi, wadda bara ta dawo da ita a lotse. Ba za a ba ta ba, wannan an gama. Amma ƙin ba da aro kai tsaye abin kunya ne, don haka za a same ka kana alwala a ce, "Malam, tukunyar nan da ka saya, a riƙa fita da ita waje kuwa?" Kai ko, hankalinka na kan tada iƙama, ka ce a dai riƙa lura. Kafin ka sallame, yaro ya kai saƙo: Malam ya hana. Da wannan "Malam ya hana" aka ƙi zuwa sunan dangin kishiya, aka ƙi ba ƙanwar miji bashi, aka kori mai dillanci. Akwai magidanta a Auyo da Kafin Hausa da unguwa ta yi wa shaidar rowa shekara da shekaru, alhali ba su taɓa hana kowa ko allura ba.

Uwargida tsohuwar hannu kuwa ta wuce duk waɗannan. Ita tun kaka take shuka maganar. Yau ta ce ta ji gonar wane da ke bakin kanal za a sayar. Bayan sati ta ce Allah sarki, ga shi yara sun tasa. Ta yi shiru wata guda. Ranar da ta ce, "Malam, maganar gonar nan da ka kawo, ya ka yanke?" shi ma ya gaskata cewa shi ya kawo ta. Gobe ka gan shi a majalisa yana ba abokai labarin hangen nesansa, ita kuma tana cikin gida tana tankaɗe, ba za ta taɓa gyara masa ba.

Abin tausayi ita ce mai tambaya tsakani da Allah, domin akwai ta. Ba ta yanke komai ba, da gaske ta rasa yadda za ta yi, a kai yaro makarantar kwana ko a bar shi jeka-ka-dawo. Amma mijin ya riga ya horu a hannun labaran majalisa, sai ya ce "Duk yadda kika yi daidai ne," ya juya ya ci gaba da sauraron rediyo.

Kafin maza su fara gyaɗa kai, a tuna inda aka koyi sana'ar. Wane ne ke zuwa zance wata shida a ɓoye, ya kai gaisuwar iyaye, ya biya sadaki, a sa rana, sannan ya shigo ɗakin uwargida da daddare da tsire a takarda, ya yi gyaran murya ya ce, "Dama akwai wata 'yar shawara da nake so mu yi"? Har atamfofi ake haɗawa a ba ta, mu kira su kayan faɗar kishiya. Duk wanda ya taɓa kai irin waɗannan kaya, ko yake tara kuɗinsu yanzu, ba shi da bakin ƙorafi a kan anko.