Hatsin Bara Ta Fara Fitsarin Kwance

A Gwarzo babu wanda bai san motata ba, ga shi kuma babu kamfanin da zai yarda shi ya haife ta. Injin da giyar na tsohuwar Opel Vectra ne, a Ƙofar Ruwa na tsinto su. Fitilun na Fijo 504 ne, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Jikin kuwa wani mai walda ya ƙera min da ragowar ƙarfen ƙofar gidan wani Alhaji. Yaran unguwa suka raɗa mata Hatsin Bara.

Uwargida ce ta fara ganin abin, tana shara da sassafe. "Malam, 'yar taka fa ta fara fitsarin kwance." Maƙwabcina ya leƙa ƙarƙashi, ya girgiza kai, ya ce baki ne, a nemo tofi. Ni dai na watsa ƙasa a wurin na kama hanyar ɗaurin aure a Kabo, da dattawa huɗu a baya, kowa ya sha babbar riga.

Muna shiga gari na taka kuloci, ya tafi ƙasa ya yi zamansa. Giya ta ƙi shiga, sai gurnani. Dattawan nan, da rawunansu, su suka tura mu har inuwar wani bakanike.

Mutumin bai ko buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya shimfiɗa kwali, ya dangwali ɗigon da yatsa, ya shinshina, ya murza. Ya ce ruwa uku ne ke iya zuba daga mahaɗar inji da giya. Baƙin mai, launinsa ke tona shi. Man giya, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake. Wannan kuwa garai-garai ne, ga santsi, har fenti yake ci: man birki ne. A irin wannan giyar, boris ɗin kuloci da silindarsa abu guda ne, a can ciki suke, kuma kofi ɗaya suke sha da birki. Robar ciki ta mutu, man yana tsiyaya, iska ta maye gurbinsa.

"To Oga, a sauya robar mana."

Ya yi wata dariya da ban so ba. Abin bai fi tafin hannu ba, amma sai an sauke giya ɗungurungum kafin a gan shi. Mai waldar nan kuwa, don ƙauna, ya gitta ƙarfe daidai inda giyar za ta fito. Sai da aka yanke. Faifan kulocin ma ya jiƙe da mai, shi ma sai sabo. Aka ɗaura aure, aka ci shinkafa, aka watse, ina zaune a kan taya ina jiran yaron da aka aika Kano.

Da magariba aka zo fitar da iska. Oga a ƙarƙashin mota da sifana, sabon yaronsa a kujerar direba. "Buga! Buga! Riƙe!" Shiru, ko ɗigo. Aka sake, aka kuma, har Oga ya fara zagin wanda ya sayar da boris ɗin, da kakansa. Can na leƙa da tocila, na ga yaro ya haɗa gumi, ya dage iya ƙarfinsa yana taka birki.