Alhaji, Ruwa Bai San Kai Tsohon Direba Ba Ne

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki: "Mu za a koya wa tuƙi? Hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi, ko ido rufe ma bi ta." Na yarda, ranku ya daɗe. Sai dai hanyar da kuka haddace ta rani ce. Idan marka ta kankama a watan Agusta, rafin da kuka saba gani busasshe sai ya kwana a kan titi, kuma ba ya tambayar lasisin kowa.

An ce Bakatsine kunya gare shi, ba tsoro ba. To, kunyar nan ce ke cin injin. Mutum ya iso bakin ruwa, 'yan acaɓa sun jeru suna kallo, samari sun naɗe wando suna cewa, "Shiga kawai Alhaji, ba zurfi!" Juyawa ta zama abin kunya, sai a danna totur. Ba ka tambayi kanka ba, wa za a biya kuɗin turi idan motar ta mutu a tsakiya? Su ne dai masu cewa ba zurfi. Kuma magabata sun riga sun raba gardama: tsoro na daji, kunya na gida.

Mai Hilux na can yana murmushi, wai da masu Golf da Sharon ake. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta ce ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da irin taka, Yallaɓai. Wato ruwan da bai wuce gwiwarka da yawa ba. Idan jirgin ruwa kake sha'awa, ga madatsar Zobe nan a kan Karaduwa tun 1983, ka je ka nemi kwalekwale. Wanda kuma yake ganin ambaliya sai a talabijin, ya tuna Jibiya a watan Yulin 2018, inda ruwan dare ɗaya ya halaka fiye da mutum 40 a cikin jiharmu.

Wani zai ce, "Ni da gudu nake ratsawa, kafin ruwa ya farga na fita." Madalla da dabara! Gudun shi ke tara ruwa a gaban mota ya cusa shi ta bakin da injin ke shaƙar iska. Fistan yana matse iska da fetur, amma ba ya iya matse ruwa, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa injin. Daga nan kuma sai mai dabara ya ƙara da murza makulli sau biyar yana bismillah. Kowace murzawa, bakanike na ƙara kuɗin aiki.

In dai ba makawa sai an ratsa, a tsaya a ga yadda wata mota ta wuce. Ruwa mai gudu, ko wanda ya haura tsakiyar taya, ba a shiga. Da dare kuwa a haƙura ɗungurungum, don ba ka san ko kwalbatin da ka sani da safe yana nan ba. Mota ɗaya a lokaci ɗaya, giya ta ɗaya, a hankali, ƙafa a kan totur ba ɗagawa. Da an fita a riƙa taɓa burki kaɗan-kaɗan har ya bushe.

Idan ta mutu a ciki, a bar makulli, a fito da mutane tukuna. A turo ta tudu, a cire kan batir. Bakanike ya duba matatar iska, ya zaro sandar awon baƙin mai. In ya ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, sai juye. Ya kwance fulogi ya fitar da ruwan kafin a tayar. A ɗaga shimfiɗun ƙasa su sha rana, in ba haka ba tsatsa da wari su zama fasinjojin dindindin.

"Ai ina da inshora." Wacce? Ta naira 15,000 da ake nuna wa jami'ai a hanya tun Janairun 2023? Wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya, injinka kuwa aljihunka.

Saura mai cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, Malam, amma ai an ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Daminar bana, in ka iso bakin ruwa, kashe mota ka nemi mai shayi ka jira ya janye. Gara a yi maka dariyar awa biyu da a zo yi wa iyalinka gaisuwa.