Wasiƙa Zuwa ga Malam Gajeren Linki

Malam Gajere,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, in dai har yanzu kana numfashi, don irinku ba a sanar da rasuwarsu a masallaci. Sai mutum ya danna ya ga shafi fari fat da lamba 404, sannan ya san an yi jana'iza tuntuni.

Daga Rano nake rubuto maka, daga shagon da muke buga wa jama'a takardu. Ɗalibai 'yan Rano da Kibiya da Bunkure masu karatu a jami'ar Bayero ko ta Wudil suna kawo kundin kammala digiri. Ƙungiyoyin manoma suna kawo tsarin mulkinsu da rahoton shekara. Masu Islamiyya suna so a yi musu allon ƙofa da lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da waya. A duk waɗannan sai in tarar da kai zaune a gindin shafi, harafi shida ko bakwai, fes da kai. Kowa na son ka saboda ba ka cin layi.

To amma Malam, ni na san sana'arka. Dillali ne kai, ba ka da kayan kanka. Idan aka danna ka, wayar mutum gidanku take fara zuwa, a buɗe littafin ajiya a duba wane dogon adireshi aka rubuta a gaban sunanka, sannan a ce masa bi nan. Littafin kuwa yana hannun kamfanin da ya haife ka, a wata ƙasa, kuma babu wata takarda da ya sa wa hannu cewa zai riƙe shi har abada.

Ba ƙazafi nake maka ba, tarihin gidanku ne. Yayanku TinyURL ya fito a 2002, Bitly a 2008, kuma kasuwarku ta buɗe sosai lokacin da Twitter bai yarda a wuce harafi 140 ba. A watan Disamba na 2009 Google ya haifi nasa, goo.gl. Wa zai yi zaton ɗan gidan Google zai kwana a waje? A 2018 aka ce an daina karɓar sababbin baƙi, a Maris ɗin 2019 aka rufe ƙirƙirar sabon linki gaba ɗaya, amma aka ce tsofaffin za su ci gaba da aiki. Sai ga Yulin 2024, aka sanar cewa daga 25 ga Agusta 2025 kowa ya kama gabansa. Hujjar ita ce fiye da kashi 99 cikin ɗari ba a danna su ba a watan da ya gabaci sanarwar.

Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni. Kundin da wata yarinyar Kibiya ta rubuta a kan noman rani, wa zai danna linkinsa kowane wata? Yana kan kanta a ɗakin karatu, ƙura na hawa. Ranarsa sai bayan shekara goma, lokacin da wani ɗalibi zai zo neman inda ta samo alƙaluman nan. Takarda mai dogon rai haka take, shiru take yi har a buƙace ta. Ku kuma a gidanku shirun nan shi ake ɗauka mutuwa. Da mutane suka yi ca, Google ya sassauta a farkon Agustan 2025: waɗanda ake dannawa za su tsira, waɗanda ba a ga motsinsu ba a ƙarshen 2024 za su tafi. Wato tallar takalmi ta sha, kundin bincike ya shiga uku.

Mu dai mutanen Rano ba a koya mana wannan rawa ta a ba ka, a karɓe, a dawo maka da rabi. An ɗaga masarautarmu a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka maido ta a daraja ta biyu kafin damina ta ƙare. Sai dai ita masarautar tamu ta Autan Bawo, ko an taɓa takardarta, gari na nan, fada na nan, kowa ya san hanya. Kai kuwa in aka shafe ka, ko inda ka dosa ba a sani ba.

Abin da ya fi ci min rai ke nan. Dogon adireshi ma yana mutuwa. Binciken cibiyar Pew ta Amurka a 2024 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Amma shi ko ya mutu yana barin alama: sunan gidan jarida, shekara, wani lokaci har da kanun labarin. Da wannan sai a je rumbun Internet Archive a nemo tsohon kwafi. Kai me ka bari? Haruffa birkitattu, babba da ƙarami, waɗanda in mai bugu ya sa sifili a gurbin O shi ke nan.

Ga kuma batun dangin uwa. Wutsiyar nan ta .ly da Bitly ke amfani da ita mallakar Libiya ce, kuma a 2010 hukumar da ke kula da ita ta ƙwace wani ɗan'uwanku, vb.ly, saboda abin da yake nunawa bai yi mata ba. Ban ma taɓo 'yan damfara da ke ɓuya a bayanka a WhatsApp da sunan tallafin gwamnati ba; wannan wasiƙa ce ta daban.

Don haka ga shawarar da muka yanke a shago. Katin ɗaurin aure, sanarwar walima, tallar da za ta ƙare ranar Lahadi, duk naka ne, Allah ya ba da sa'a. Amma kundi, littafi, yarjejeniya da allon ƙarfe, za mu rubuta cikakken adireshi ko zai ci layi uku, da sunan marubuci, da kanun abin, da ranar da aka duba shi. In abin mai muhimmanci ne ƙwarai, mu buga kwafi mu liƙa a ƙarshen kundin. Ɗalibai za su yi ƙorafin kuɗin ƙarin shafi, za mu yi musu ragi.

A gai da Bitly da sauran 'yan gida.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Rano.